Tsakanin "Na Tafi" da "I Went": Inda Bahaushe Yake Tuntuɓe a Lokutan Aikatau na Turanci

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma a nan Jos, a wani ɗaki da ke bayan titin Bauchi, kuma mafi yawan waɗanda suke zama a gabana ɗalibai ne masu shirin jarrabawar WAEC ko NECO, sai 'yan tsirarun magidanta da aikin ofis ya tilasta musu gyara rubutunsu. A tsawon wannan lokaci babu inda jan birona ya fi sauka kamar kan aikatau, wato kalmar da take nuna aiki. Za ka ga yaro ya san kalmomi da yawa, ya iya ƙulla doguwar jimla, rubutun hannunsa ma gwanin sha'awa, amma da zarar an ce ya ba da labarin abin da ya faru jiya, sai ya fara da shuɗaɗɗen lokaci, ya zame zuwa lokacin yanzu a jimla ta biyu, ya sake komawa baya a ta huɗu, kuma ko kaɗan bai ji a jikinsa cewa wani abu ya goce ba. Malamai da yawa suna ɗora laifin a kan sakaci ko ƙin karatu. Ni kuwa abin da na gani ya tabbatar mini cewa ruwa ba ya tsami banza, domin kuskuren yana da tsari, yana da tushe, kuma tushen nasa yana cikin Hausar da yaron ya iya sarai.

A watan Disambar bara, lokacin da sanyi ya matsa har yara suna rubutu yatsunsu na leƙowa daga hannun rigar sanyi, na ba su aikin rubuta labarin wata rana da ba za su manta da ita ba. Wata ɗaliba 'yar Unguwar Rogo ta rubuta cewa: "Last Saturday my mother sent me to Farin Gada. When I reach there, the traders are offloading tomatoes and everybody is shouting." Na kira ta na ce ta faɗa mini wannan labari da Hausa. Ba ta yi ko gargada ba ta ce: "Malam, ranar Asabar da ta wuce Mama ta aike ni Farin Gada. Da na isa, 'yan kasuwa suna sauke tumatir, kowa yana ta ihu." Hausarta babu aibi ko ɗaya. Abin lura shi ne "suna sauke" da "yana ta ihu" da ta yi amfani da su domin ranar Asabar da ta wuce, su ne dai za ta yi amfani da su da a ce tana tsaye a kasuwar a wannan lokaci tana ba ni labari ta waya. An koya mata cewa "suna" shi ne "they are", ita kuma ta riƙe abin da aka koya mata da amana. A nan ne gizo yake saƙa.

Idan muka duba Hausarmu da idon basira, za mu ga cewa aikatau ba ya sauya kama saboda lokaci. Kalmar "tafi" tana nan yadda take a cikin "na tafi", "zan tafi" da "nakan tafi". Abin da yake sauyawa shi ne ɗan guntun nan da yake manne da wakilin suna, wanda masana nahawun Hausa suke kira lamirin lokaci. Ba wai aikatau na Hausa ba ya sauya wutsiya ba ne gaba ɗaya, domin muna cewa "na sayi doya", "na saye ta", "doyar da na saya", "na sayo", "na sayar", kuma baƙon da yake koyon Hausa yakan sha wuya a kan waɗannan. Sai dai abin da yake jawo sauyin shi ne irin kalmar da ta biyo baya, ko inda aikin ya fuskanta, ba jiya ko yau ba.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. A makaranta an koya mana cewa "na gama" shuɗaɗɗen lokaci ne, "ina yi" kuma lokaci mai ci ne. Waɗannan sunaye suna da amfaninsu, amma sukan sa mu zaci cewa na farko yana nufin da, na biyu yana nufin yanzu, alhali harshen da kansa yana ƙaryata hakan kullum a bakinmu. Tela yakan ce wa mai ɗinki, "Kafin ka dawo gobe na gama," ga "na gama" a kan abin da ko soma shi ba a yi ba. Matafiyi yakan ce, "Gobe war haka muna hanya," kamar yadda zai ce, "Jiya war haka muna hanya." Ke nan tambayar da Hausa take amsawa da lamirin nan ita ce: aikin ya kammala ne, ko ana cikin yin sa, ko an saba yin sa? Batun yaushe kuwa, an bar shi a hannun kalmomi irin su jiya, ɗazu, bara da gobe, kuma da zarar an ambaci ɗaya daga cikinsu a farkon zance, shi ke nan, mai sauraro ya san inda ake, ba sai an yi ta maimaita masa ba.

Turanci bai yarda da wannan sauƙi ba. A wurinsa kowane babban aikatau a cikin kowace jimla dole ne ya nuna matsayinsa dangane da lokacin da ake magana, ko da kuwa an riga an ce "yesterday" a layin da ya gabata. Sigogi biyu kacal aikatau na Turanci yake da su na lokaci a jikinsa, wato irin "walk" da "walked", ko "go" da "went". Duk sauran abin da littattafai suke jerawa cikin jadawali, har da na lokaci mai zuwa, ana gina shi ne da mataimaka irin su "be", "have" da "will". Saboda haka mai rubuta Turanci tambaya biyu yake amsawa a kan kowane aikatau. Ta farko, yanzu ne ko da? Ta biyu, aikin ya kammala ne ko ana cikinsa? Bahaushe gwani ne a tambaya ta biyu tun yana goye, ta farkon ce yake mantawa da cewa za a sake yi masa ita a kowace jimla. Ɗalibata ta amsa ta biyu daidai, shi ya sa ta kawo "offloading" da "shouting". Abin da ya rage mata shi ne ta mayar da "are" ya zama "were", "is" ya zama "was", "reach" kuma ya zama "reached".

A Jos akwai wani ƙarin nauyi da ba kowane gari ne yake da shi ba. Yaronmu yana tashi ne da Hausa a gida, da broka a makaranta da kasuwa da filin ƙwallo, saboda cuɗanyar ƙabilun da ke garin. Broka kuwa a wannan fanni 'yar'uwar Hausa ce ta kusa: "I don chop" shi ne "na ci", "I dey chop" shi ne "ina ci", "I go chop" shi ne "zan ci", kuma "chop" ba ya motsi. Harsuna biyun da yaron ya fi sakewa da su duka suna gaya masa cewa aikatau ba ya sauyawa, sai na ukun, wanda zai rubuta jarrabawa da shi, ya zo da wata doka daban. Ba na ganin broka a matsayin gurɓataccen harshe, domin tana da nata nahawun mai tsari, amma kasancewar kalmominta na Turanci ne yakan sa yaro ya kasa gane inda ta tsaya da inda Turancin makaranta ya soma.

Wurin da wannan bambanci ya fi fitowa fili shi ne "ne" da "ce". Waɗannan kalmomi ba su san lokaci ba sam. Da yawa daga cikin tsofaffin gidajen Hausawan Jos haƙar kuza ce ta kawo kakanninsu tun farkon ƙarni na 20, don haka idan na ba da aikin rubutu a kan tarihin iyali, sau da yawa nakan ci karo da jimla irin "My late grandfather is a tin miner." A Hausa "marigayi kakana ma'aikacin kuza ne" cikakkiyar magana ce, kalmar "marigayi" ta wadatar. A Turanci kuwa dole a ce "was". Juyin wannan ma yana faruwa, kuma ya fi nauyi: yaron da aka tsorata da jan biro yakan ɗauka cewa "was" ta fi aminci, sai ya rubuta "My father was a driver" a kan mahaifinsa da yake raye, yake kuma jan motarsa zuwa Bauchi kowace safiya. Duk wanda ya san Turanci ya karanta wannan jimla zai fahimci cewa mahaifin ya rasu, ko aƙalla ya bar sana'ar.

Sai mu zo kan lokacin yanzu, wanda sunansa kansa yake ruɗa ɗalibai. Sigar da aikatau yake zuwa tsurarsa, irin "I eat" ko "she sells", ba kasafai take nufin abin da ake yi a daidai wannan lokaci ba. Aikinta shi ne bayyana al'ada, da sana'a, da abin da yake tabbatacce. "She sells potatoes" yana nufin sayar da dankali ne sana'arta, ko da kuwa yanzu tana gida tana barci. "She is selling potatoes" yana nufin ga ta can a gaban kayanta. Hausa tana iya ɗaukar ma'anonin biyu da "tana sayar da dankali", shi ya sa ɗalibi yake zuba "-ing" a ko'ina, ya ce "I am going to school every day" a inda ya kamata ya ce "I go". Muna da "nakan" da "yakan" da suka fi kusa da wannan siga, amma ga wani rami a gefensu: an saba fassara "yakan zo kullum" da "he use to come every day". A Turanci "used to" na al'adar da aka riga aka daina ce kawai, daidai da "a da yakan zo". Al'adar da ake kanta har yanzu, "he comes every day" ya ishe ta. Harafin "s" ɗin nan da ake liƙa wa aikatau bayan "he", "she" da "it" kuma yana da nasa rikicin, domin a jikin suna yana nuna jam'i, a jikin aikatau yana nuna tilo, shi ya sa "the boys plays" take yi wa yaro kama da jimlar da ta daidaita.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan fanni shi ne aikatau na zuciya da ji da mallaka, domin a nan harsunan biyu saɓani suke yi kamar masu wucewa ta ƙofa ɗaya, wannan na shiga wancan na fita. Bahaushe yana cewa "na sani", "na gane", "na yarda", "na tuna", "na gaji", duka da sigar abin da ya kammala, alhali halin da yake ciki yanzu yake bayyanawa. Hikimar abin ita ce sanin ya riga ya shiga, ganewar ta riga ta auku. Turanci kuwa sigar yanzu yake so: "I know", "I understand", "I agree", "I remember", "I am tired". Ɗalibin da ya haddace cewa "na" daidai yake da shuɗaɗɗen lokaci sai ya rubuta a wasiƙa, "I knew that you are busy" ko "I agreed with this topic", wanda yake nuna kamar a da ne ya yarda, yanzu kuwa ya sauya ra'ayi. A ɗaya ɓangaren kuma muna cewa "ina da mota", "ina son shayi", "ina jin ka", da sigar abin da ake cikin yi, sai a juya su zuwa "I am having a car", "I am wanting tea", "I am hearing you". Turancin da ake gwada ɗalibi a kansa ba ya karɓar "-ing" a kan irin waɗannan kalmomi idan hali suke nunawa: "I have a car", "I want tea", "I can hear you". Idan ka ji an ce "I am having lunch", to "have" ta tashi daga ma'anar mallaka ta koma ma'anar ci, ci kuwa aiki ne da ake iya kasancewa cikinsa. Ko "I am coming" da muke faɗa muna juya baya za mu fita, "ina zuwa" ce tamu aka sa wa rigar Turanci. Duk ɗan Nijeriya zai gane, amma baƙo zai tsaya yana mamakin mai zuwa da yake tafiya.

Babban dutsen da ake faɗuwa a kai, har da waɗanda suka gama jami'a, shi ne bambancin "I ate" da "I have eaten", domin Hausa "na ci" take ce wa duka biyun. Hanyar da na ga ta fi shiga kan ɗalibai ita ce su tambayi kansu ko lokacin da suke magana a kansa a rufe yake ko a buɗe. Idan an ambaci lokacin da ya wuce ya ƙare, kamar jiya, makon jiya, ko wata shekara, to ƙofa ta rufe, sigar da ta dace ita ce irin "went", "saw", "ate". Babbar kasuwar Jos ta Terminus ta ƙone a watan Fabrairun 2002, don haka "The market burnt down in 2002" za a ce, ba a cewa "has burnt down in 2002". Haka nan "I have seen him yesterday" kuskure ne komai daɗinta a kunne, domin "yesterday" ta rufe ƙofar da "have" take son a bar ta a buɗe. Siga mai "have" kuwa ƙafarta ɗaya tana baya, ɗaya tana yanzu: ana amfani da ita idan sakamakon aikin ne abin dubawa, kamar "I have lost my key", wato har yanzu ina tsaye a bakin ƙofa, ko idan ana maganar abin da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa, kamar "I have been to Abuja", daidai da "na taɓa zuwa Abuja", ko kuma idan abu ya faro daga baya yana nan har yau.

Wannan ma'ana ta ƙarshe tana buƙatar a tsaya a kanta, domin na ga inda ta kusa jawo wa mutum asara. Wani magidanci da yake zuwa ajina ya kawo mini takardar neman aiki in duba masa. Ya rubuta: "I worked as a storekeeper for six years." Na tambaye shi, "Alhaji, yaushe ka bar aikin?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Malam, ai ina can har gobe, daga can ma nake yanzu." Jimlarsa ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya, sai dai ta faɗi abin da ba shi ne gaskiyarsa ba, domin duk wanda ya karanta ta zai ɗauka ya ajiye aikin ko an sallame shi, kuma zai so ya ji dalili. Abin da yake nufi shi ne "I have worked as a storekeeper for six years." Da ya gwada gyarawa da kansa, sai ya faɗa ɗaya ramin, ya rubuta "I am working there since 2018", wadda ita ce "ina aiki a can tun 2018" kalma da kalma. Hausa tana kallon cewa aikin yana ci gaba, sai ta kawo "ina". Turanci yana kallon tsawon hanyar da aka taho daga baya zuwa yau, sai ya nemi "I have been working there since 2018." Duk inda "tun" ta fito a Hausa tare da "ina" ko "yana", ya kamata ɗalibi ya ji ƙararrawa ta buga masa. Ya kyautu a sani kuma cewa Turancin Amurka ya fi sassauci a wasu wurare, inda sukan ce "I just ate" a maimakon "I have just eaten" na Ingila, kuma yaranmu suna jin wannan a finafinai da intanet. Makarantunmu da masu duba jarrabawa dai tsarin Ingila suka gada, don haka shi nake ba ɗalibai shawarar riƙewa a rubutu.

Duk da haka ba a ko'ina Hausa take barin ɗalibi a duhu ba. Akwai inda take riƙe masa fitila, idan an nuna masa. Idan Bahaushe yana ba da labari, yakan jera "suka tashi, suka hau mota, suka isa, sai suka tarar", kuma duk inda labari yake gudana da "suka", "muka" da "aka" haka, Turanci tsurar shuɗaɗɗen lokaci yake bi: "they got up, they boarded, they arrived, they found". Haka kuma "had" da ɗalibai suke tsoro, muna da kwatankwacinta a bakinmu. A kwatanta "Da na isa tasha, sai suka tafi" da "Da na isa tasha, sun tafi." A ta farko na same su, a gabana suka tashi: "When I got to the park, they left." A ta biyu ban same su ba: "When I got to the park, they had left." Ban taɓa rubuta waɗannan jimloli biyu na Hausa a allo ba face aji ya gane aikin "had" nan take, abin da jadawalin littafi yakan ɗauki makonni bai cim masa ba.

Wani ɓangare na matsalar a kunne yake, ba a nahawu ba. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa muka ara kalmomi muka mayar da su benci da siminti. Ita kuwa "-ed" sau da yawa baƙi ɗaya tak take ƙarawa a kan wani baƙin: a "walked" da "asked" sautin "t" ne, a "cleaned" da "called" sautin "d" ne, sai a irin "wanted" da "needed" ne take zama cikakkiyar gaɓa da kunne zai kama. Yaron da bai taɓa jin bambancin "walk" da "walked" a bakin kowa ba, daga ina zai samo shi a rubutu? Na lura cewa ɗalibai ba su cika yar da "-ed" a "wanted" ba, a "asked" da "passed" suke yar da ita, kuma daga nan ne "I am suppose to" da "use to" suka samo asali. Maganin wannan shi ne karatu da babbar murya da shifta, waɗanda makarantu da yawa suka yi watsi da su.

Aikatau masu bauɗewa irin su "go, went, gone", waɗanda suka kai kimanin 200, su ne ake rera wa yara kamar karatun allo, kuma haddarsu wajibi ce, tun da kalmomin da aka fi amfani da su a harshen, irin su "be", "have", "do", "say", "come" da "see", duk suna cikinsu. Da yawansu ragowar tsohon tsarin harshen ne, lokacin da ake nuna shuɗewar aiki ta hanyar sauya wasalin tsakiya kamar a "sing, sang, sung". "Went" ma aro ce daga wata tsohuwar kalma, "wend". Duk sabon aikatau da ya shigo yau "-ed" yake ɗauka. Dokar da ake yawan karyawa a nan gajeriya ce: alamar lokaci sau ɗaya ake ɗaukarta, idan "did" ta ɗauka, aikatau ya koma tsurarsa, don haka "Did you go?" da "I did not see him", ba "Did you went?" ba.

Maganar da aka ruwaito ma tana bin wannan tsari na sake amsa tambayar lokaci. "Ya ce yana zuwa" a Turanci "He said he was coming" ne, domin "said" ta ja zancen baya, sauran aikatau kuma suka bi ta, sai fa idan abin da aka faɗa tabbatacce ne da bai sauya ba, kamar "The teacher said that Jos is the capital of Plateau State." Sannan akwai wuraren da siga take barin sunanta. "Idan na isa gida zan kira ka" yakan ja ɗalibi ya rubuta "When I reached home I will call you" saboda "na isa", alhali Turanci sigar yanzu yake sa wa a nan: "When I get home". Shi kuma "If I had money, I would buy it" ba labarin jiya yake bayarwa ba, "da ina da kuɗi da na saya" ne, wato Turanci yana amfani da sigar da domin nuna nisa daga gaskiya, kamar yadda muke amfani da "da … da". Kanun labaran jaridun Turanci kuwa sukan ce "Governor visits market" a kan ziyarar da aka yi jiya, inda jaridar Hausa za ta ce "Gwamna ya ziyarci kasuwa". Wannan salon kanu ne, kuma duk wanda ya karanta layin farko na labarin zai ga an koma "visited".

Dalilin da ya sa na damu da wannan batu shi ne abin da yake ci wa yaranmu. A jarrabawar WAEC ana neman insha'i mai kalmomi wajen 450, akwai kuma maki da aka ware domin tsabtar nahawu da ƙa'idar rubutu, wanda kowane kuskure yake zaftarewa. Yaron da aikatau yake zame masa a kowane layi zai iya rasa wannan maki tun bai kai rabin shafi ba, komai kyawun tunaninsa, kuma ba tare da kiredit a Turanci ba ƙofar jami'a a rufe take. Abin takaici, a makarantu da yawa har yanzu ana kiran Hausa banakula, ana cin tarar wanda ya yi ta a aji, alhali ita ce madubin da ya fi saurin nuna wa yaro inda Turanci ya bambanta da abin da ya sani. A ganina malamin da ya iya Hausa, ɗalibansa kuma Hausa suke ji, ya ƙi ɗora jimlolin harsunan biyu kafaɗa da kafaɗa a allo, ya jefar da mafi kaifin kayan aikinsa.

Abin da nake yi a ajina ba shi da wuya. Nakan sa ɗalibi ya faɗi labarinsa da Hausa tukuna, mu rubuta shi a gefe ɗaya na allo, mu ja layi ƙarƙashin kowane "ina", "yana", "suna", "ne" da "ce", sannan a kan kowane ɗaya in tambaye shi: yanzu ko a lokacin? Bayan makonni kaɗan yakan soma yi wa kansa tambayar ba sai na buɗe baki ba. Ɗalibar nan 'yar Unguwar Rogo ta sake rubuta labarinta a watan Janairu, ta ce: "When I reached Farin Gada, the traders were offloading tomatoes and everybody was shouting. The women my mother sent me to had gone home." Na nuna "had gone" da biro na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta rubuta "went" ba. Ta ce, "Malam, ai ba suka tafi ba ne, sun tafi ne. Ban same su ba."